An ba ni kimiyyar muhalli a jami'a, wane aiki ake yi da ita?

Sabon_Ɗalibi:

Assalamu alaikum yayyena da malamaina. Dan Allah shawara nake nema kuma da gaske nake, kwana uku ke nan abin na cina a rai. Haɗa magunguna na nema a jami'a, makina bai kai ba sai suka tura ni kimiyyar muhalli. Da na gaya wa Baba bai yi faɗa ba, tambaya ɗaya kawai ya yi min, ya ce to in ka gama wane wuri za ka je ka ce su ɗauke ka aiki? Wallahi na kasa amsawa. Kawuna ya ce ai duba-gari ake zama da shi, wani abokina kuma ya ce dashen bishiya ne da kwashe shara, ya ce gara in haƙura in sake jarrabawa baɗi.

Ni dai ina son kemistiri da bayoloji sosai, lissafi kuma ina taɓawa daidai gwargwado. Abin da nake so in sani, me ake karantawa a ciki takamaimai, kuma waɗanda suka gama ina suke aiki? In akwai wanda ya yi kwas ɗin dan Allah ya faɗa min gaskiya ko da ba daɗi, ba na so in ɓata shekara huɗu.

Mai_Gwajin_Ruwa:

Wa alaikassalam ƙanina. Kwantar da hankalinka, ni yayarka ce a wannan kwas ɗin, shekarata tara ina aiki a ɗakin gwajin ruwa kuma da shi nake ci nake sha.

Da farko kawunka ya haɗa abu biyu ne. Duba-gari lafiyar muhalli suke karantawa, ɓangaren kiwon lafiyar al'umma ne, aiki ne mai daraja amma hanyarsa daban. Akwai kuma injiniyan muhalli, shi ne mai zana matatar ruwa da magudanar dagwalo, nasa lissafi da fiziks sun fi yawa. Mu namu aikin awo ne da gano dalili: me ke cikin ruwan nan ko ƙasar nan ko iskar nan, nawa ne, daga ina ya fito, ina zai tafi, wa zai cutar. Shi ya sa za ka ga an tara maka kemistiri, bayoloji, ilimin ƙasa da duwatsu, ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa, yanayi, ƙididdiga da dokokin muhalli duk a kwas ɗaya.

Bari in ba ka hoton aikina don ka samu abin faɗa wa Baba. Kamfanin ruwan kwalba ko masana'anta ko wanda ya haƙa rijiyar burtsatse zai kawo samfur, ko mu je mu ɗebo da kanmu. Ɗibar ma karatu ce, in na ƙwayoyin cuta ne kwalba mai tsabta da aka dafa za ka saka, ka sa a kula da ƙanƙara ka kai a gwada kafin awa 24, in sa'o'i shida ne ma ya fi. In na ƙarafa ne sai ka ɗiga masa asid na naitirik don kada ƙarfen ya manne a jikin kwalba, in ba haka ba sakamakonka ƙarya zai yi kai ba ka sani ba. Daga nan sai mu gwada da ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya: dalma kada ta wuce maikurogiram 10 a lita, asenik shi ma 10, naitiret miligiram 50, fulorayid miligiram 1.5, ita kuwa ƙwayar cuta ta E. coli, mai nuna kashi ya shiga ruwa, ko ɗaya ba a yarda a gani a mililita 100 ba. Ruwan dagwalon masana'anta kuma akwai gwajin da muke cewa BOD, kwana biyar samfur zai yi a duhu a zafin digiri 20 na Salshiyas sannan a ga iskar oksijin nawa ƙwayoyin halitta suka shanye, da shi ake sanin ko in an sake shi a kogi zai kashe kifi.

Kada ka ɗauka lambobi ne kawai a takarda. A Bangladesh tun shekarun 1970 aka yi ta haƙa rijiyoyin famfo don a raba mutane da ruwan tafki mai sa amai da gudawa, niyya mai kyau, ruwan garau ba wari ba ɗanɗano, sai a shekarun 1990 aka tabbatar da yawa daga ciki cike suke da asenik da ke fitowa daga ƙasar kanta, miliyoyin mutane sun yi shekaru suna sha. A garin Flint na Amurka a 2014 aka sauya inda ake ɗebo ruwan famfo zuwa kogi ba a sa maganin da ke hana bututu lalacewa ba, dalma ta narke ta shiga ruwan yara. Duk biyun ido ba ya gani, awo ne ya tona. Ni duk ranar da na sa hannu a sakamako sai na tuna akwai uwa da za ta dama wa jaririnta madara da ruwan nan, shi ne ma abin da ya riƙe ni a aikin.

Amma ga abin da nake so ka riƙe, kuma ba wanda ya faɗa min lokacin da nake aji ɗaya. Kwas ɗin nan faɗi gare shi, za ka taɓa komai kaɗan kaɗan, in ka bi shi haka kawai za ka fito ka san labarin komai amma hannunka bai iya komai ba. Mai ɗaukar aiki ba zai tambaye ka ma'anar ɗumamar yanayi ba, cewa zai yi ka taɓa kunna na'urar awon ƙarafa? Ka iya daidaita mitar pH, wato na'urar awon tsamin ruwa? Tun daga aji biyu ka zaɓi abu ɗaya na hannu ka manne masa. Tunda kemistiri kake so ka yi abota da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwajen sashenku, ka wanke musu kwalabe, ka tsaya a bayansu in suna aiki, wallahi abin da na koya wurinsu ya fi min amfani ranar intabiyu.

Sabon_Ɗalibi:

Kai Anti na gode, Allah ya saka da alheri ya ƙara buɗi. Wallahi ban san haka abin yake ba, na karanta har sau biyu. To amma in mutum ba ya son zaman ɗakin gwaji kullum fa? Ni ina son fita, ina son tafiye-tafiye. Kuma kamfanoni masu zaman kansu suna ɗauka ko sai gwamnati kawai?

Ɗan_Fili:

Ƙanina in fita kake so to ga layinmu. Ni a kamfanin masu ba da shawara kan muhalli nake, babban aikinmu rahoton tantance tasirin aiki ga muhalli, EIA a taƙaice. Amurka ce ta fara sa shi a doka, aka sa wa dokar hannu ranar 1 ga Janairun 1970, yanzu kusan kowace ƙasa tana da irin tata. Ma'anarsa kafin a gina dam ko babbar hanya ko kamfanin siminti ko a buɗe wurin haƙar ma'adinai dole a aiko irinmu mu rubuta yadda wurin yake tun ba a taɓa shi ba, abin da aikin zai lalata, da yadda za a rage ɓarnar.

Kuma ba dokar ƙasa ce kaɗai ke tilasta su ba, masu ba da bashi ma suna tilastawa. IFC reshen Bankin Duniya mai ba kamfanoni rance yana da ƙa'idoji takwas, bugun 2012, shi kansa Bankin Duniya ya fara aiki da sabon tsarinsa mai ƙa'idoji goma a 2018, manyan bankunan kasuwanci da yawa kuma sun rattaba hannu a nasu irin ƙa'idojin da ake kira Equator, waɗanda aka fara a 2003. In ba rahoto ba kuɗi, shi ya sa aikin ba ya yankewa gaba ɗaya. Duk ɗalibin da ya zauna ya karanta ƙa'idoji takwas ɗin nan, kyauta suke a intanet, ya riga ya wuce rabin waɗanda ke zuwa mana neman aiki.

Yadda aikin yake kuwa, za ka sa takalmin but da hular kwano ka yi sati biyu a daji, ka ɗebi ƙasa da ruwa, ka dasa na'urar awon ƙura da ta awon ƙara, ka ƙirga irin itatuwa da tsuntsayen da ke wurin, ka koma wani lokacin na shekara ka sake saboda abin da za ka gani da damina ba shi za ka gani da rani ba. Sannan ka zauna da mutanen da aikin zai shafa, manoma, masunta, mata masu ɗibar ruwa, ka ji ta bakinsu, kuma nan ne wurin da na ga masu babban sakamako suna faɗuwa don ba su iya sauraro ba, sun zo da takarda suna ta cike gurbi tsoho na faɗa musu inda ambaliya take kaiwa ba su rubuta ba.

Amma kada in ruɗe ka, sati biyu a fili wata biyu ne a kan tebur. Rubutu ne tuli, rahoto ɗaya sai ya kai ɗaruruwan shafi, in ba ka iya tsara jimla da tebur a Excel ba za ka sha wuya. Ka koyi rubutun rahoto kamar yadda za ka koyi kemistiri.

Akwai kuma abu ɗaya mai nauyi da nake so ka sani tun yanzu. Wanda kake rubuta rahoto a kan aikinsa shi ne mai biyan ka. Na taɓa yin wani aiki, sakamakon ruwan rijiyoyin da ke kusa da wurin ya fito ba kyau, wani babba a kamfanin ya kira ni gefe cikin lalama ya ce a cire teburin nan a sa shi a rataye can baya inda ba mai dubawa. Na ƙi, shugabana ya tsaya min Allah ya saka masa, amma ba su sake ba mu kwangila ba kuma watannin da suka biyo baya mun ji jiki. Har yau ban yi nadama ba. Ka tuna garin Minamata a Japan, a 1956 aka fara gane wata cuta da ke kama mutanensa, zaiba ce da masana'anta ke zubarwa a teku ta taru a jikin kifi mutane suka ci, amma aka ɗau shekara goma sha biyu kafin gwamnati ta amince a hukumance da musabbabin, duk tsawon lokacin ana ta zubarwa. Sai 2013 duniya ta yi yarjejeniyar zaiba da sunan garin. Irin wannan jinkirin daga teburin da aka ɓoye yake farawa.

Ɗaya ƙofar ita ce ka shiga cikin kamfanin kansa a matsayin jami'in lafiya, kariya da muhalli, masana'antu da kamfanonin gine-gine da na mai da na ma'adinai duk suna da shi. Nan satifiket ke magana, ISO 14001 na tsarin kula da muhalli, ISO 45001 na kariyar ma'aikata, da takardar NEBOSH ta Ingila da ake yawan nema. Abokan karatuna da suka fi samun albashi mai kauri yawanci nan suka bi.

Na_Gani_Da_Idona:

Ni kam zan ɗan saɓa da yayyena, ba don abin da suka faɗa ƙarya ne ba, a'a, sai don su waɗanda suka samu shiga ne. Ni ma kwas ɗin na yi, na fito da sakamako mai kyau, na yi shekara uku ina yawo da takardu, ƙarshe koyarwa na kama kuma alhamdulillahi ina son ɗalibaina amma ba ita na yi niyya ba. A ajinmu waɗanda suke aikin muhalli na gaske yau ba su da yawa, sauran kowa ya kama gabansa.

Matsalar ita ce ba kai kaɗai ke neman gurbin ba. Gurbin ɗakin gwaji mai digirin kemistiri zalla zai nema kuma sau da yawa shi za a fifita, na ruwan ƙarƙashin ƙasa mai ilimin duwatsu zai nema, na matatar ruwa injiniya ne. Likita da mai haɗa magunguna suna da lasisin da ya killace musu aikinsu, kai kuwa filinka a buɗe yake kowa na shigowa. Hukumomin gwamnati na muhalli kuma ba kullum suke ɗauka ba, ƙungiyoyin agaji kwantiragin shekara ɗaya ko biyu ne in kuɗin shirin ya ƙare kai ma ka ƙare. Su UNEP, hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Nairobi, da ake ta ambata wa ɗalibai, ba a cika shiga da digirin farko kawai ba, yawanci sai da mastas da gogewa.

Shawarata in har zuciyarka na kan haɗa magunguna kuma Baba zai iya jure maka shekara ɗaya, ka sake gwadawa, ba abin kunya ba ne. Kada ka shiga don an tura ka.

Malamin_Jami'a:

Ɗana, na karanta duka kuma maganar Na_Gani_Da_Idona kada ka yar da ita, gaskiya ce, ni da nake koyar da kwas ɗin ina ganin haka duk shekara. Sai dai in ka lura ita da Mai_Gwajin_Ruwa abu ɗaya suka hango, kowa daga nasa gefen.

Kafin ka yanke hukunci ka yi abu ɗaya da ɗalibai ba sa yi: ka nemi jerin darussan sashen na shekara huɗun ka karanta. A wasu jami'o'in tsangayar da ake kira kimiyyar muhalli zanen gine-gine da tsara birane da kula da filaye ne a cikinta, wani wurin kuma kwas ɗin ya fi karkata ga gudanarwa da dokoki ba awo sosai. Ka ƙirga darussa nawa ne ke da aikin ɗakin gwaji ko fita fili, ka tambayi 'yan ajin ƙarshe ko na'urorin suna aiki ko a allo kawai ake zana su. Suna ɗaya ne amma abin da ke ciki ya bambanta ƙwarai.

Hanyar da ba a ambata ba, kuma ita nake tura duk ɗalibin da ba ya tsoron kwamfuta, ita ce taswira da hotunan tauraron ɗan adam, abin da ake kira GIS. Taurarin Landsat na Amurka suna ɗaukar hoton duniya tun 1972, tun 2008 kuma hotunan kyauta ne, kowane ɗigo a hotunan da ake ɗauka tun shekarun 1980 mita 30 ne a ƙasa. Sentinel-2 na Turai da aka fara harbawa a 2015 ya fi kaifi, mita 10, kuma kusan duk kwana biyar yake dawowa kan wuri ɗaya. Manhajar QGIS da ake aikin taswirar da ita ma kyauta ce. Da laftof ɗinka za ka iya jera hotunan shekara talatin ka nuna yadda daji ya ragu ko tafki ya janye ko gari ya cinye gonaki, ka auna hekta nawa. Wanda ya iya wannan, ya ƙara da ɗan R ko Python, harsunan ba kwamfuta umarni, ba muhalli kaɗai zai nemi aiki ba, masu aikin gona da tsara birane da sadarwa da agajin gaggawa duk suna buƙatarsa, wannan kuwa shi ne maganin matsalar da 'yar'uwarka ta kawo.

Sai lissafin hayaƙin kabon, wanda ke tasowa yanzu. Iskar kabon a sararin sama kusan kashi 280 cikin miliyan take kafin zamanin masana'antu, yau ta haura 420. Bayan yarjejeniyar Paris ta 2015 kan sauyin yanayi kamfanoni da yawa an fara neman su bayyana hayaƙin da suke fitarwa, na cikin gidansu, na wutar da suke saya, da na duk wanda ke kawo musu kaya. Tarayyar Turai ma tun Oktoban 2023 ta fara neman masu shigar mata da siminti, ƙarfe, alminiyam da takin zamani su kawo lissafin kabon ɗin kayan. Wani ne zai zauna ya yi lissafin nan, kuma wanda ya san kemistiri ya iya Excel ya fi kusa da kujerar.

Aikin bincikenka na ajin ƙarshe kuma kada ka kwafi na wani. Ka zaɓi abin da za ka auna da hannunka, ko da rijiya goma ce, don shi ne abu na farko da za ka ajiye a gaban mai ɗaukar aiki ka ce ni na yi.

Mai_Gwajin_Ruwa:

'Yar'uwa Na_Gani_Da_Idona maganarki ta taɓa ni, Allah ya buɗa miki ta inda ba ki zato. Gaskiya ne ranar da na je intabiyu masu kemistiri zalla sun fi mu yawa a layi. Abin da ya raba mu shi ne an ba mu sakamakon wata rijiya naitiret ya hau sosai aka ce me kuka gani, su suka yi bayanin yadda ake awon daidai, ni kuma na tambaya akwai masai ko gonar da ake zuba taki kusa, kuma ta wane gefe ƙasar ta gangara. Faɗin kwas ɗin da muke kuka da shi ranar shi ya taimake ni, amma fa don na riga na iya awon ne, da ban iya ba ko zama ba za su bari in yi ba. In kina da sha'awa har yanzu ki gwada abin da Malam ya faɗa na taswira, daga gida ma ana koya.

Sabon_Ɗalibi:

Na gode ƙwarai Malam, na gode Anti, Yaya Ɗan_Fili da Anti Na_Gani_Da_Idona Allah ya biya ku. Jiya da daddare na zauna da Baba na karanta masa duka, wurin Bangladesh ya sa na maimaita masa. Ya ce in je in karɓo jerin darussan kamar yadda Malam ya ce, in mun ga akwai aikin gwaji sosai in shiga, in babu in sake jarrabawa shi zai tsaya min. Ranar Litinin in sha Allah zan je sashen.

Malam tambaya ta ƙarshe, laftof ɗina tsoho ne, ram ɗinsa gig huɗu ne kawai, zai iya ɗaukar QGIS ɗin ko sai na canza?

Malamin_Jami'a:

Zai ɗauka ɗana, zai ɗan yi nauyi ne in hoton babba ne, sai ka yanko iya yankin da kake so ka yi aiki a kansa. Hotuna masu yawa kuma ka bi ta Google Earth Engine, a kwamfutocinsu ake lissafin kai intanet kawai kake buƙata, kuma ɗalibai da masu bincike ba sa biya. In ka karɓo jerin darussan ka rubuto mana sunayensu mu duba tare, musamman na aji biyu da aji uku.